Koriyar Tutar Baba Kalilu

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Ambursa ba, amma garin yana da tasha, har da mai ɗaga tuta.

Baba Kalilu ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin reluwe a Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare. Da ya ajiye aiki, ya komo gida da tsohuwar koriyar tuta da guntun ƙarfen dogo da abokan aiki suka ba shi. Ya gwada noman shinkafa a fadama, gwiwa ta ƙi. Sai ya rataye ƙarfen a jikin darbejiya, bakin titin da 'yan kabu-kabu ke ɗaukar fasinja zuwa Birnin Kebbi, ya ajiye benci.

Dokarsa ɗaya ce. Babur ba ya tashi sai ya latsa taya, ya ja igiyar buhun albasa, ya buga ƙarfe, ya ɗaga tuta.

"Baba, wannan jirgin ƙarfe nawa ne?" in ji Dikko, ɗan kabu-kabun da ya fi kowa gaggawa.

"Na masu son isa gida ne," in ji tsohon.

A hankali suna ya kama wurin: Tashar Kalilu. Abu ɗaya dai yake ci masa rai. Yana zaton ganin furfurarsa kawai 'yan kabu-kabun suke yi, ranar da ba ya nan, tashar ta mutu ke nan.

Bara aka yi wa jikarsa suna a Argungu. Ya naɗe tutar, ya ba Goggo Asiya mai fura ajiya, ya tafi. Kwana shida ya yi can, ko tambayar labarin gida bai iya yi ba, don gudun abin da zai ji.

Ranar da ya dawo, tun kafin mota ta tsaya ya ji ƙarar ƙarfe. Babura huɗu sun jeru. Dikko na tsugune yana latsa tayar wani, Goggo Asiya na tsaye riƙe da tuta.

"Asiya, wa ya koya maki?" in ji Baba Kalilu.

"Shekara tara ina zaune nan, Malam. Kana zaton fura kaɗai nika gani?"

Dikko ya miƙe. "Baba, don Allah amshi tutarka! Goggo ta fi ka tsanani. Sau biyu ta sa ni sake ɗaurin buhu yau."

Baba Kalilu ya dubi tutar, bai miƙa hannu ba. Ya zauna kan benci, ya miƙe ƙafa, ya ce wa Goggo Asiya in ta sallami jirgin nan ta dama masa fura, a cika nono.