Saƙon Maƙwabta a Hawan Ɗa'ifa

A lokacin ina amarya sabuwa fil, haifaffiyar unguwar Hindawiyya a Jidda, kaina cike da littattafan soyayya da ake kawo mana daga Najeriya. Burina ɗaya ne, in ganni a kan dutse cikin hazo daga ni sai mijina. Shi kuwa direba ne, bai daɗe da zuwa Jidda ba. Don ya faranta mini, ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, aron karfan, wata ƙaramar mota mai shan dizal da ke da gado da murhu da banɗaki a ciki. Kafilin ya yarda, amma ya ce idan injin ya ƙone, to halas, shi ke nan, aikin mijina ma ya ƙone. Mijina ya tabbatar mini za ta hau Ɗa'ifa, garin da ke kan dutse, lafiya, muddin ba a danne ta da kaya ba.

A unguwarmu mota ba ta tafiya ba saƙo. Da labari ya bazu, khalata, 'yar'uwar mahaifiyata, ta aiko buhunan shinkafa a kai wa 'yarta a Ɗa'ifa, maƙwabciya ta kawo keken ɗinki, wata dattijuwa ta sa aka mirgino turmi tana cewa ai ɗan abu ne, 'yata. Kunya ta hana ni cewa a'a. Mijina yana masallaci na sa aka cusa su ƙarƙashin gado da banɗaki, na kuma cika tankin ruwa taf don in yi wanka a bisa dutse.

Muna fara hawan dutsen Hada a hanyar Ɗa'ifa motar ta soma nishi. Mijina ya sauko da giya, ya kashe mukayyif mai sanyaya motar, amma allurar zafin inji sai matsawa take wajen ja. Na ga gumi na bin wuyansa, na tuna gargaɗin kafili. Da ya samu fili ya tsaya, sai na fashe da kuka na faɗa masa komai. Ya buɗe banɗakin ya yi ido huɗu da turmi, sai ya kece da dariya har da riƙe ciki. Ya tambaye ni ko amarya ya ɗauko ko kuwa unguwar Hindawiyya kaf. Ya zubar da ruwan tankin, ya bar injin ya huce, birai na zaune a kan duwatsu suna kallonmu. Sannan ya ce yalla, mu tafi, muka hau da giya ta biyu, tagogi a buɗe, iska mai sanyi tana kaɗa mayafina. Da muka kai sama hazo ya rufe mu, na yi ta ihun murna kamar yarinya.

Ranar dawowa 'yan uwan Ɗa'ifa suka jero kwalayen rumman da zuma a kai Jidda. Mijina ya raɗa mini cewa gangara da nauyi ta fi hawa haɗari, don birki ke ɗaukar zafi. Na tsaya a ƙofar motar na ce su yi haƙuri.

'Yan uwana mata, ƙaramar motar tana da ƙarfin hawa dutse, kunyata ce ta so ta kashe ta, ta raba mijina da abincinsa. Kada ku ɓoye wa mai tuƙi abin da kuka ɗora masa. Waɗanda na ƙi karɓar kayansu sun yi fushi na ɗan lokaci, yau kuma tare muke dariyar abin.