Mai Sunan Baba

Ranar Laraba ce, da kaka. Bayan sallar asuba na zauna a zaure ina ɗinke bakin buhunan gyaɗa. Matata Hauwa tana dama koko a ciki. Ɗana na fari ya ɗora wa jakuna mangala, zai tafi gona kwaso sauran gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ban ɗaga kai ba. Haka muke yi kullum.

Kakana ne ya kafa gidan, a wani ƙauye kusa da Durba. Shi ya sare dajin. Mahaifina ya haɗa noma da fatauci, yana kai kanwa kudu ya dawo da goro. Ya rasu a watan da aka haifa mini ɗan fari, sai aka mayar da sunansa. Kunya ta zama biyu: ga ɗan fari, ga mai sunan Baba. Ban taɓa kiransa ba, ko da laƙabi. In ina nemansa sai in aiki ƙanwarsa. Yana rarrafe aka ɗauke ni soja, aka kai mu yaƙin Bama, a ƙetaren teku. Na dawo da igiyar kofur, da ɗan karatun boko, da muryar da ake ji daga wannan kan filin fareti zuwa wancan. Na dawo kuma da taurin kai.

Da zaɓe ya matso na ba 'yan wata jam'iyya ƙofar gidana suka yi lacca. Ƙanena Idi ya roƙe ni in bari, ya ce an ƙone gidaje a wasu garuruwa kan abin da bai kai wannan ba. Na ce masa na ga bindiga, sanda ba za ta tsorata ni ba.

Da hantsin wannan Larabar muka ji ƙugin babbar mota. Mota ba ta shigo mana sai ranar awon gyaɗa. Ta tsaya gindin tsamiya. Sai ganga. Sai usur. Sai kururuwar mata daga unguwar maƙera. 'Yan banga ne, baƙin fuska, da gora da adduna da garewanin kananzir. Na ji ana tambayar gidan tsohon soja.

Abin da aka koya mini shi na yi. Na sare dangar baya da adda.

"Mata gaba! Kada wanda ya ɗauki kaya!"

Hauwa ta fita da yara. Ladi, matar ɗana, ta bi ta da tsohon ciki. Idi ya tsare baya. Ba a yanke dawa ba tukuna, ita ta rufe mu har gindin wani ɗan dutse bayan gari. Muna hawa hayaƙi ya tashi. Gyaɗa in tana cin wuta ƙara take yi, tas-tas, kamar harbi daga nesa. Har ƙamshinta ya iso mana.

Daga kan dutsen na hango ɗan nawa. Yana tafe a burtali, jakuna a gabansa. Ya ga hayaƙin, ya bar jakunan, ya fara gudu wajen gida. A tsammaninsa muna ciki.

Tsakaninmu bai kai faɗin filin fareti ba. Na cika ƙirji.

"Kai! Kai, mai jakuna! Koma!"

Gari ya cika da masu cewa kai. Bai waiwayo ba. Sunan ya zo mini har baki ya tsaya. Ba tunani na yi ba, harshen ne bai san hanyarsa ba. Na dubi Hauwa. Ita ma ba ta taɓa faɗarsa ba, tafi kawai take yi da hannu biyu kamar mai korar tsuntsaye. Ladi ba ta kiran sunan miji. Ƙanwarsa Talatu ce ta yi ta kiran Yaya, muryarta kuwa ba ta wuce dawar ba.

Ya shige tsakanin dangogi. Na ji ihun ya koma wuri ɗaya. Na ji saukar gora. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai gyaɗar.

Na zabura zan sauka. Idi ya rungume ni ta baya, ya nuna mini Ladi da yaran. Wasu daga cikin 'yan bangar sun riga sun shiga dawa suna bin sawu.

Muka bar hanya muka bi gonaki. Azahar ta same mu cikin ƙaiƙayin gero, ba wanda ya yi salla. Ƙafafun Ladi suka kumbura, ni da Idi muka riƙa tallafarta bi da bi. Yaran suka gaji da kuka suka yi shiru. Da la'asar muka tsallake wani rafi, muka sha ruwa da tafin hannu.

Rana ta yi ja muka isa rugar Arɗo Buba, wajen Saji. Shanunsa ne suke cin karan gonata kowace shekara. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo nono. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, don ya san gidana sarai.

"Kofur, wa ya rage?"

Hauwa ta juya baya. Ladi ta ja mayafi ta rufe fuska. Idi ya dubi ƙasa, ya bar mini.

Na ce, "Habu."

Washegari Idi da Arɗo suka koma. Sun same shi a bakin ɗakin uwarsa. A can aka yi masa sutura, kusa da Baba. Ba a bar ni na je ba, ana nemana.

Rumbuna sun ƙone, da zauren, da gyaɗar shekarar. Jakunan kuwa, Idi ya tarar da su a burtali suna kiwo, da kayansu a baya. Mun sake gini a Saji, ban ƙara fataucin da na gada ba. Ladi ta sauka lafiya, mace ce.

Shekara goma sha tara ya yi a gidana. Sau ɗaya na faɗi sunansa, shi ma ba ya nan.