Makullin Bindigar Baba

Ni mai walda ne a Batsari, kuma a duk sana'ar hannu babu kalmar da na tsana kamar "dawo gobe". Ka kai wa maƙeri garma, gobe. Ka kai wa bakanike babur, gobe. Tun ina koyon aiki na yi wa kaina alkawarin ba za a ji ta a bakina ba, kuma na cika, har ina yi wa abokan sana'a gori a majalisa.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, mijin gwaggona ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar shagona, da wani abu naɗe cikin buhu. Baba muke ce masa. Tsohon maharbi ne daga wani ƙauye a gefen Babban Duhu, kuma tun da ɓarayin daji suka addabi yankin yake fita tare da 'yan sa-kai masu gadin manoma. Daga baya bel ɗin injin niƙa ya cinye masa babban yatsan hagu, shi ne ya zauna gida.

Bayan mun gaisa, na tambayi Gwaggo da mutanen gida, ya ja ni ciki ya kwance buhun. Tsohuwar bindigarsa ce mai sakata, ƙarfen nan da ake ja a tura harsashi. A gefenta akwai wani ɗan makulli da sai an danne shi da babban yatsa kafin a zaro sakatar a goge ta. Ƙarami ne, ga tauri. Shugaban 'yan sa-kai kuma ya ce duk wanda ba ya iya kwance bindigarsa da kansa ba zai bi su ba.

"Ɗan nan, wannan ɗan ƙarhen ne ya maishe ni mace," in ji Baba. "Maƙerin garinmu ya ce gobe, har aka yi girbi. Na Tsaskiya ma gobe. Na Safana ya ce wai babu ƙarhen da ya dace. Halan kai ma goben ce?"

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da su. Aikin da bai kai ya kawo ba, a bar dattijo yana yawo da buhu gari gari! Na ture ƙofar da nake haɗawa gefe. Na faɗaɗa kan makullin yadda gindin tafin hannu zai iya danne shi, na rage masa tauri, na goge shi sumul. Kafin la'asar Baba ya zare sakatar ya mayar, ya sake zarewa ya mayar, yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Ya shi mini albarka har sai da na ji kunya. Gaskiya na ji daɗin kaina ranar.

Bayan kwana biyu na je ƙauyensu bikin suna, na shiga gaida Gwaggo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta amsa gaisuwata daidai wa daida, babu "ya aiki", babu zolayar da ta saba yi mini kan tumbina.

"Kai ne ka gyara ma maigidan nan abin nan?"

Na ce ni ne, har da ɗan murmushi.

"Da ƙahwata na je wurin kowane maƙeri na roƙe shi," ta ce. "Babu wanda bai iya ba. Kowa ya ce mani in kwantar da hankalina, gobensu ba ta zuwa. Kai ɗan ƙanena ne, shi ya sa ban zo ba. Na ɗauka kai ba sai an faɗa maka ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Ashe mutanen da nake kira malalata sun haɗa baki ne su riƙe tsoho a gida ba tare da sun ce masa ya tsufa ba, domin babu mai iya duban idon maharbi ya faɗa masa haka. Ni kuwa ƙarfen kawai na duba. Ban dubi furfurarsa ba, ban dubi yadda numfashinsa ke sama sama daga saukowa kan babur kawai ba.

Na sami Baba a zaure na ce ya ba ni bindigar, akwai ɗan abin da ban ƙarasa ba. Ban iya ƙarya ba, kuma ya gane. Ya dafa kafaɗata ya ce aikina ba shi da gyara. Duk daminar nan da shi aka yi gadi. In ya shigo kasuwa sai ya biyo ta shagona ya ɗaga mini hannun nan mai yatsu huɗu, ni kuma in sunkuyar da kai kan aikina.

Bayan girbi aka kore shanun ƙauyen, 'yan sa-kai suka bi sawu, har da shi. Da suka cimma ɓarayin abin ya yi zafi, kowa ya ja da baya a guje. Baba ba shi da gudu. Gawarsa suka koma suka ɗauko.

A wurin zaman makoki muna kan tabarma a ƙofar gida, zana ce kawai tsakaninmu da mata. Shugaban 'yan sa-kai ya gane ni, ya kama hannuna da hannu biyu. Nufinsa ya sanyaya mini zuciya.

"Wannan ne mai waldar," ya ce wa jama'a da ƙarfi. "Wallahi bindigar ba ta ba shi kunya ba. Ba don aikin yaron nan ba, da a kan gado zai ƙare."

Mutane suka shiga sa mini albarka. Sai muryar Gwaggo ta fito ta bayan zana, a hankali, babu kuka a cikinta.

"Ku gode mashi da kyau. Duk ƙasar nan shi kaɗai ya iya aiki."