Hatimin Kawu

Kawuna sarki ne, amma da tuƙin tasi yake ciyar da kansa. Shekara ashirin da wani abu ya yi a layin direbobi na filin jirgin JFK yana jiran fasinja. Ranar Lahadi kuma sai ya naɗa rawani ya zauna a wani ɗakin taro da ke ƙarƙashin shagon kayan miya kusa da 125th Street, mutanenmu na Zango su zo su faɗi gaisuwa. Mu 'yan Kumasi da 'yan Accra mazauna New York mu muka naɗa shi. Ba shi da dogari ko ɗaya, ba shi da ƙasa ko taku guda, amma in miji da mata sun saɓa wurinsa ake zuwa, in an yi rasuwa shi ke cewa nan za a binne ko gida za a kai. Ni 'yar ƙanwarsa ce, shi ya kawo ni ƙasar nan, aikina kuwa kula da tsofaffi a gidajensu. Nakan yi masa tsiya in ce shi kaɗai ne sarkin da ɗan sanda ke ci tara don ya ajiye mota a inda bai kamata ba. Sai ya yi dariya ya ce in bari Wazirinsa ya ji ni.

Abin da yake ji da shi a duniya hatiminsa ne. A Kumasi aka ƙera shi da tagulla: rawani a sama, takubba biyu a gicciye, ƙarƙashinsu hannu riƙe da mabuɗi. Ya sha gaya mini cewa takubban na yanke hukunci ne, mabuɗin kuma na buɗe wa baƙo ƙofa, tunda Zango masaukin baƙi ne tun asali. Akwai ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani: takardar da hatimin ya hau, ba wanda ke sa hannu a gefensa. Yin haka rashin kunya ne, kamar ka ce maganar sarki sai an tsaya mata.

Da hawan jini ya fara kayar da shi sau ɗaya a bakin mota, sai ya tsorata. Wata Lahadi bayan la'asar ya tsayar da ni da Waziri da Galadima, dattawa biyun da ke zama dama da hagunsa. Ya ce in rubuta da Turanci don likitoci su iya karantawa. Abu biyu ya faɗa. In bakinsa ya mutu, ni zan yi magana a madadinsa. Sannan a mayar da shi Kumasi wurin yayarsa, wadda ke haɗa wani maganin shanyewar jiki da saiwoyi da man kaɗanya. Sarkin magani yake ce masa, wai shi ya tayar da mahaifinsu bayan an fitar da rai. Ni dai na wanke masu shanyewar jiki da yawa, ban yarda da maganin ba. Amma na gane abin da yake nufi: yana son in kwanciya ta zo, ta same shi a inda ake jin harshensa.

Yana da ɗa namiji a unguwar Flatbush, haifaffen nan, ma'aikacin ofis, mai jin Hausa yana amsawa da Turanci. Mutumin kirki ne, sai dai Kawu ya san ba zai taɓa yarda da kansa a fitar da ubansa daga asibitin Amurka ba. Shi ya sa ya zaɓe ni.

Da na gama rubutu na ce, “Kawu, akwai form na asibiti don wannan. Dole witness biyu su yi signing.”

Waziri ya riga shi amsawa. “Haba 'yata! Mu sa hannu kusa da hatimin Mai Martaba? Ai ga mu nan da ranmu. Duk ranar da aka neme mu, mu ne shaida.”

Na san dokar sarai, kusan kowane gida da nake aiki akwai irin takardar a manne jikin firiji. Amma dattawa uku suna kallona, kunya ta kama ni, na miƙa musu takardar. Waziri da kansa ya danne gefen takardar a kan tebur, Kawu ya buga hatimin.

Bayan shekara guda abin ya zo gaba ɗaya. Ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ta rage 'yan kalmomi. A kwana na uku Waziri ya zo gidan Kawu ya ce a ba shi hatimin ajiya kada ya ɓata cikin masu sintirin dubiya. Ni na ɗauko masa daga cikin akwati, har shayi na dafa masa.

A asibitin, can Queens, akwai wata jami'a mai kula da al'amuran iyalan marasa lafiya. Na miƙa mata takardar. Ta daɗe tana duba hatimin, ta ce kyakkyawa ne, ta tambaye ni ma'anar mabuɗin. Sannan ta yi mini bayani a hankali cewa tunda babu sa hannun shaidu, doka ɗansa ta ba wa magana. Amma ta ce ɗan ma wajibi ne ya bi abin da aka san uban yana so, don haka in waɗanda suka halarta za su zo su faɗa, da sauran hanya. Likita ya ce nan da wasu makonni Kawu zai iya hawa jirgi da mai rakiya. Ɗan nasa ya yi ta kai da kawo a baranda, daga ƙarshe ya ce mini in dattawan sun faɗa a gabansa, shi ba zai tsaya a hanya ba. Na koma gida ranar da sauƙin zuciya, har na kira yayar Kawu na ce ta fara gyara ɗaki.

Waziri da Galadima sun zo ranar Alhamis da hantsi cikin manyan riguna. Jami'ar ta tambayi Waziri ko yana wurin lokacin da aka rubuta takardar.

Ya gyara zama. “To, an yi zama kam. Amma zancen komawa gida, I don't recall. Kin san Mai Martaba da raha.”

Na ce, “Baba Waziri, kai ka riƙe masa takardar.”

“'Yata, tsufa ne.” Sai ya juya ga ɗan Kawu, ya sassauta murya. “Kuma a al'adarmu, mace ta yi magana da bakin sarki, ɗansa na zaune? Ba a taɓa yi ba.”

Na dubi Galadima. Wannan mutum ni na yi jinyar matarsa wata biyu lokacin da aka yi mata aiki. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, har aka tashi bai ɗago ba.

Matar Galadiman ce ta fayyace mini dalili bayan kwana biyu, muna tsaye a shagon kayan miya. In sarki ya bar ƙasar ba dawowa, dole a zauna a zaɓi wani, 'yan Accra kuwa sun fi mu yawa yanzu, Waziri kuma ɗan Kumasi ne, ba zai kai labari ba. Amma muddin Kawu yana numfashi a cikin New York, sarki yana nan, mai riƙe da hatimi shi ke yanke hukunci da sunansa. Na ajiye kubewar da ke hannuna na fita. Ban taɓa tsanar mutum irin yadda na tsani Waziri a ranar ba, kuma har yau ban nemi gafarar wannan tsanar ba. Na tsani kaina ma, don da na yi taurin kai na minti biyar a waccan Lahadin, da magana ta ƙare.

Aka kai Kawu gidan jinyar tsofaffi. Ɗansa ya yi abin da ya ga shi ne daidai, ban riƙe shi a zuci ba. Sanarwa ta ci gaba da shigowa wayoyinmu, ta suna, ta sulhu, ta taron Sallah, kowace da hoton hatimi da “bisa umarnin Mai Martaba”. Mai Martaba kuwa yana kwance ana ba shi kunun da ba gishiri da cokali, ma'aikatan suna kiransa da lambar gadonsa in suna sauri.

Ina zuwa duk Talata da Asabar. Da na shiga sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “Gida?” In ce, “Sati mai zuwa, Kawu, ana gyara takardu.” Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa gaskiya. Amma na ga yadda fuskarsa ke haske duk ranar Sallah in Waziri ya shigo ya durƙusa ya ce “Ranka ya daɗe”. Abin da ya rage masa na sarauta ke nan, na kasa ƙwace shi.

Wajen ƙarshen shekara ta biyu ya daina tambaya. In na shigo sai ya juyar da fuska ga bango, in na kai cokali bakinsa ya datse haƙora, sai ma'aikaciya ta karɓa sannan ya ci. Ni ya ba wa amana, ni ce kuma ke ta ce masa sati mai zuwa, to wa zai zarga? A Sallarsa ta ƙarshe ina tsaye a bakin ƙofa na ga ya ɗaga wa Waziri hannu yana sa masa albarka. Ya rasu bayan wata guda, bai sake duban fuskata ba.