Tafiya Argungu saboda maɓalli ɗaya

Shekarun baya, lokacin Kebbi ba ta daɗe da zama jiha ba, ina koyon ɗinki a Birnin Kebbi. Ina da aboki ɗan Argungu da ke karatu a garin, ɗakinsa na bayan shagonmu. Yayansa mai fataucin albasa zuwa kudu ya kawo masa gem irin wanda ake jonawa da talabijin, da kaset guda ɗaya tak.

Wasan dogon labari ne. Kai ne wani saurayi mai takobi, kana bin garuruwa kana yaƙi da dodanni, don ka buɗe kogin da wani sarki ya toshe wa talakawansa. Ni firamare na tsaya, Turancin ya fi ƙarfina, shi ke karantawa yana fassara mini. Amma yatsun tela sun fi nasa sauri, don haka yaƙi mai tsanani ni ake miƙa wa.

Ba mu taɓa yin wasan nan ba gardama ba. Akwai abokinmu ɗan Zauro, manomin shinkafa, da ya tsani sarkin kamar ya san shi. Abokina ɗan Argungu ya ce 'yan tawayen da ke yaƙar sarkin ma ɓarayi ne, sulhu ya fi. Ɗan Zauro ya ce, "Kai ɗan boko, ba ka taɓa ganin shinkafa ta ƙone a tsaye ba, shi ya sa." Daga nan magana ta zame kan masu kakin da ke mulki a lokacin, ni kuma in tashi in rufe taga.

Tawa damuwar daban ce. Saurayin nan yana shiga gidajen mutane ba sallama, ya fasa tukwane ya kwashe abin ciki. Na ce sata ce, a hannuna ba zai yi ba. Suka sa mini suna Liman.

Babbar matsalar ita ce gunki. Ba a iya adana inda aka tsaya sai saurayin ya shiga wani ɗaki ya durƙusa gaban mutum-mutumin dutse. In ba a yi haka ba, aka kashe gem, duk wahalar ranar ta tafi. Ɗan Zauro ya ce hoto ne kawai. Na ce to wa ke danna maɓallin? Abokina bai shiga wannan musun ba. Duk lokacin da na kawo saurayin bakin ƙofar, sai ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba, in ba shi hannun gem, wato abin dannawar, in juya fuskata bango. Can sai in ji ya ce, "Juyo, Liman, an gama."

Da kaka aka aiko mahaifinsa ba lafiya, ga shinkafa ta isa yanka. Ya bar mini makullin ɗaki ya ce in ci gaba, amma in jira shi a ƙofar fadar sarkin, tare za mu shiga. Akwai wani dodon gada da ya hana mu wucewa sati uku. Wata Asabar da hantsi, ni kaɗai, na kashe shi. Na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo. Na taka har bakin ɗakin gunki, na miƙa hannun gem gefe kamar yadda na saba. Babu kowa.

Na fi awa ina zaune, yatsana a kan maɓallin. Na nemi ɗan Zauro, yana fadama. Sai na bar gem ɗin a kunne, na rufa masa ƙyalle, na kulle ɗaki, na shiga motar Argungu. Wallahi haka na yi.

Na sami abokina a gona, laka har gwiwa. Ya ce, "Lahiya? Mi ya hwaru?" Da na faɗa masa, ya zauna a kan dami yana dariya har hawaye. "Tun daga Birnin Kebbi, Liman? Don danna ɗaya?"

Ya kai ni na gaida mahaifinsa, kuma bai rufa mini asiri ba, ya ba shi labari. Tsohon na kwance a tabarma, ya saurara har ƙarshe. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Ni ban san abin ga naku ba. Amma yaro, abin da zuciyarka ta ƙi, kada ka tilasta mata don a daina yi maka dariya." Ya dubi ɗansa ya ce, "Kai kuma dami na jiranka."

Abokina ya raka ni tasha, ya ce in an gama yanka zai zo. Kafin in isa gida an ɗauke wuta an dawo da ita. Na ɗaga ƙyallen, na ga wasan ya koma can baya, dodon na tsaye a kan gadarsa kamar ban taɓa shi ba.

Abokina bai dawo zama ba. Mahaifinsa ya rasu kafin a gama sussuka, gona da ƙanne suka hau kansa, karatun ma ya tsaya. Da ya zo kwashe kayansa ya ce in riƙe gem ɗin, na ƙi. Me zan yi da shi ni kaɗai? Har yau ban san ko an buɗe kogin nan ba.

Yanzu in mun haɗu wajen biki ko ta'aziyya, yakan ce wa mutane, "Wanga shi ne ya zo Argungu neman mai durƙusa mashi." In yi dariya. Har gobe ban yanke ko ni ke da gaskiya ba, kuma har gobe ni mai yawan waswasi ne. Na haɗu da masu ce mini in daina, na haɗu da masu ce mini in ƙara. Wanda zai miƙo hannu shiru, ya jira in juya fuskata, sannan ya ce "Juyo, an gama," shi ne ban sake samu ba.