Babur Mai Fito

Shekarar da na gaji da jiran motar kasuwa na yanke shawarar sayen babur. Sarin riɗi nake yi, daga ƙauyukan Gwaram in kawo Birnin Kudu, kuma na gaji da tsayuwa bakin titi ina ɗaga wa direbobi hannu suna wuce ni kamar ba su ga mutum ba. Sabo ya fi ƙarfina. Sai wani abokin ciniki ya ce akwai wani a ajiye a wani ƙauye can wajen Zandam, an daɗe ba a hau shi ba.

Wanda ya sayar mini magidanci ne marar son magana. Babur ɗin na yayansa ne, wanda ya tafi ci-rani kudu shekaru da dama, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Mahaifiyarsu tana nan, idanunta sun tafi, kuma har gobe jiransa take. Ɗan farinta ne, ita kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ƙanen ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunan yayansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan". Shi kuma damina ta matso, taki yake nema.

Ya zaɓi rana tsaka, lokacin da tsohuwar ta shiga maƙwabta barkar haihuwa.

"Malam, don Allah kada a tayar da shi a nan," in ji shi. "Kuma in da hali kada ka riƙa biyowa da shi ta garin nan. Inna ba ta san na sayar ba."

Dariya ta kusa kama ni. Tayarwa? Abin da tayoyinsa suka kwanta a ƙasa, yanar gizo-gizo ta ɗinke shi da bango? Amma da idona ya saba da duhun ɗakin sai dariyar ta koma ciki. Ƙura ta rufe ko'ina, tanki da fitila da ƙafafu, ban da wuri biyu: mazauni da hannun dama. Su kam fes suke, har da ɗan sheƙi, kamar yanzu wani ya sauka. Na kai hannu na kama, na ji maiƙo, na shinshina. Ƙamshin man kaɗanya.

"Wa yake hawa?" na tambaya.

Ya kawar da kai. "Haka yake."

Amma araha ta riga ta rufe mini ido. Muka ɗora shi a amalanken shanu zuwa bakin titi, daga nan a-kori-kura ta kawo mu gida.

Bakaniken da na kai wa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ban tsira daga bakinsa ba.

"Kai kuma wane kabari ka tono wannan?"

"Gyara za ka yi ko wa'azi?"

Na ɗaga ƙafa zan buga kik ya doke mini gwiwa. Ya ce injin da ya daɗe a kwance ba a far masa haka, sai a kashe shi gaba ɗaya. Ya kwance fulogi, ya ɗiga baƙin mai ta ramin, ya ce sai ya kwana yana jiƙa. Tsohon fetur ɗin da ya juye daga tanki ya koma ja, yana wani wari mai tsami. Ya wanke tankin da kananzir da 'yan tsakuwa, tsatsa tana fitowa kamar dusa. Kafireta ta toshe da danƙo. A wurin shan iska zanzaro ya gina gidaje, ɓeraye kuma sun ci rabonsu a wayoyin wuta. Aka sake batir, aka sake tayoyi duk da zanensu bai cinye ba, don roba ta bushe ta tsattsage. Sarƙa ta kwana cikin mai. Duk abin da ya ce a saya sai na yi mita, shi kuma ya ce in ina son in mutu a hanyar Gwaram ba da hannunsa ba.

Yana cikin duba birki ya tsaya, ya shafa mazaunin.

"Ka ce shekaru yake a ajiye?"

"Haka aka ce mini."

"Ledar nan ta gefe duk ta bushe. Ta sama kuwa laushi gare ta." Ya goge hannunsa a wando, ya koma kan birkin.

Washegari da hantsi babur ɗin ya tashi. Ya yi tari, ya cika garejin da hayaƙi, sannan ya daidaita. Da taubashina ya saki totur sai muka ji wani fito, siriri, dogo, irin na mai kiran wani daga nesa a gona. Masu hira a benci suka waiwayo. Ya sake murɗawa ya saki, fiton ya sake fitowa. Ɗan rami ne a salansa, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya ce in kai wa mai walda. Na ce a bar shi, ai ya hutar da ni sayen oda.

"Rowa ce dai za ta kashe ka," in ji shi.

Babur ya yi mini aiki, ban raina ba. Sai dai ban taɓa jin nawa ne ba. Mazaunin yana da lotsawar wani jiki da ba nawa ba, dole in matsa baya in zauna inda mai shi yake zama. Na wanke hannunsa na dama da omo, ƙamshin man kaɗanyar bai fita ba. In ina tafe ni kaɗai tsakanin gonaki na saki totur, sai in waiwaya, ko da yake na san inda fiton yake fitowa.

Ƙauyen nan kuwa na kiyaye shi, kullum ta wata hanya nake zagayawa. Sai wata ranar kasuwa a tsakiyar damina aka kwana ana ruwa, ya cinye hanyar tawa, kowa ta cikin garin yake bi. Na ce in wuce da sauri, wa zai lura? A bakin gari taɓo ya tare ni, dole na saki totur.

Dattawan da ke zaune gindin dalbejiya suka katse hira, suka miƙe. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Wata mata a bakin rijiya ta saki guga da igiyarsa. Ba ni suke kallo ba, babur ɗin suke kallo, sannan su dubi fuskata su sake duban babur ɗin. Na ƙara wuta in fice, ruwan kwata ya fallatsa wa fulogi, injin ya mutu. Na ɗaga kai, ga ni daidai ƙofar gidan da na ɗauko shi. Na buga kik, na sake bugawa, ya ƙi.

Sai ga tsohuwar ta fito daga zaure tana lalube bango, ba takalmi, ɗankwali ya zame. Ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari da ƙarfi, a gaban duk garin. Dattawan suka sunkuyar da kai. Ban taɓa jin tsoro da tausayi sun haɗu a ƙirjina kamar ranar ba.

Ta iso, ba wanda ya yi mata jagora. Hannunta ya tafi kai tsaye inda ya saba, ya sauka a hannun dama na babur, ya tarar da nawa a kai. Ƙamshin man kaɗanya ya buge ni. Ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta juya tafin, ta shafa bayan hannun. Ta daɗe.

"Shi yana da tabo a nan," ta ce a hankali. "Bawan Allah, saye ka yi?"

"Saye na yi, Inna."

Ƙanen ya iso a guje ya durƙusa a cikin taɓo. Ba ta juya wajensa ba.

"An ce mini makullin ɗakin ne ya ɓata," ta ce. Ta shafa tankin. "Ka sake masa baƙin mai? Wancan ba ya wasa da wannan."

"Na sake, Inna. In kina so in mayar da shi ɗakin, wallahi yau zan mayar."

"A'a. In yana ciki ba zan daina shiga ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Abu ɗaya nake roƙon ka. Ka kai a toshe masa wannan fiton. Ba zan iya jin sa sau biyu ba."

Tura shi na yi har bayan gari kafin na goge fulogin na tayar. Ban je kasuwar ba. Na juyo Birnin Kudu ina riƙe da totur ban saki ba sai a gaban mai walda, taubashina kuma da ya ji labari bai tsokane ni ba.

Hanyar tawa ta daɗe ba ta gyaru ba, don haka kasuwa ta gaba ma ta garin na bi. Tsohuwar tana zaune kan tabarma a bakin zaure tana ɓarar gyaɗa. Na zo daidai gabanta a hankali, na saki totur. Ko kai ba ta ɗago ba.