Tafin da aka yi min na Malam Sada ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara shida rabona da Batsari, yau da safe ƙanena ya bugo min waya wai Malam Sada ya rasu.

Tare muka koyar a wata firamare ta wajen Ruma. 'Yan aji biyar aka raba mana, rabi nasa rabi nawa.

Gaskiya na yi masa hassada. Ko yanzu ba zan rantse ta gama fita ba.

Ni allo nake cikawa da rubutu, yara su kwafa, in riga kowa gama silabas. Shi kuwa kullum sai ya ce a rufe littafi. Me muka yi jiya? Ran kasuwar da ta wuce fa? Wancan watan fa? Yara na ta haɗa zufa.

Na ce, "Sada, aji ka buɗe ko kotu?"

Ya ce, "Bar su su sha wuyar tunowa, Lawal. Kai haddarka da kallon allo ta zauna, ko da tilawa?"

Ɓarayin daji suka sa aka rufe makarantar wata huɗu. Da aka dawo, nasa na amsa lissafi kamar jiya aka tashi. Nawa sai kallona suke. Iyaye suka dinga zuwa wurin hedimasta a mayar da 'ya'yansu ajinsa. Wannan ne ya kore ni daga gida, ba tsoron daji da nake faɗa wa mutane ba.

Sada ne ya kai ni tasha a mashin ɗinsa, ya cusa min ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka. Ya ce, "In ba daɗi ka dawo, ajinka na nan."

Bara aka yi mana bitar malamai a nan Fatakwal, inda nake koyarwa yanzu. Mai jawabin ta ce masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke koyo sun gano cewa tuno darasi da ka, ana ba da tazara, ya fi yawan maimaita karanta shi. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa. Na miƙe na zayyana tsarin Sada kaf, na ce nawa ne. Aka tafa min.

Sau uku ina ɗaukar waya in gaya masa, ina ajiyewa. Na san dariya zai yi ya ce ba komai, ita ce ban iya jurewa.

To yau na faɗa a gaban kowa: nasa ne. Iyalan Malam, ku yafe min.

Allah Ya jiƙanka Sada, Ya haskaka kabarinka, Ya sa karatun yaran nan ya bi ka. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya wanke min zuciya.